Takalmin Hagu

Litinin, da hantsi

"Ki dai fitar da ni daga asibitin nan. Wallahi ranar da na koma gida, ranar zan fara takawa."

Kai ka faɗa, Maigida, da bakin nan naka da ya karkace, kana riƙe da gefen mayafina da hannun da ya rage maka. Matar da ke jinyar mai gadon kusa da mu har ta share hawaye. Na rubuta a nan ne don kada gobe ka ce zafin ciwo ne ya sa ka sambatu.

Mun dawo gida, wata ya mutu wani ya tsaya, ba ka taka ko nan da can ba. Daga gado zuwa keken marasa lafiya, daga keke zuwa kujerar falo, duk a hannun mutane kamar buhun siminti. Sandar da aka ba ka a asibiti tana bayan ƙofa, Yayarka ta mayar da ita wurin rataye tawul.

Likitar da ke zuwa motsa maka gaɓoɓi ta ja ni baranda ɗazu. Ta ce, "Watannin farkon nan su ne. Ƙafar hagun tana jira a tuna mata aikinta. In aka bar ta, za ta zauna yadda take, kuma daga nan ba ni da abin yi mata." Na ce ta shiga ta gaya maka da bakinta. Ta ce ai ta gaya maka, sai ka tambaye ta wa ya ɗinka takalmin da ke ƙafarta, ka ce ko wane ne ya cuce ta.

Tun kafin a haifi Auta kake ɗinka wa garin nan takalma. Yau naka suna ƙarƙashin gado suna tara ƙura.

Hutun da makaranta ta ba ni ƙarshen wata zai ƙare. Ɗakin karatuna yana can a hannun malamin wasanni, an ce jera littattafan yake yi bisa tsayinsu.

Laraba, bayan la'asar

Littafin nan don kaina na ɗauko shi, in riƙa rage zaman asibiti. Labarin wani mutum ne da ya ajiye aiki, ya kulle ƙofarsa wata safiya, ya ba maƙwabci makulli, ya kama tafiya a ƙasa. Nahiya ta ƙare ya shiga wata. Tun da ɓarin jikinka ya shanye idanunka ba sa bin layi, sai ka ce in ɗaga murya kai ma ka ji.

Tambayarka ta farko: "Wane irin takalmi ya sa?"

Na ce bai faɗa ba.

Ka ce, "To marubucin banza ne."

Amma da na rufe sai ka ce ai ba a tsayawa a tsakiyar daji.

Saboda haka yau muka yi ciniki: babi ɗaya, kai kuma ka taka zuwa ƙofar falo ka dawo. Ka ce ka yarda, in fara ba da nawa. Na karanta har muryata ta dushe. Mutumin ya tsallake kogi da jakarsa a ka. Na rufe littafin na miƙo maka sanda, sai ga kanka ya fara juyawa.

Yaya ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Haba Malama, a bar yaron nan ya huta mana!"

Yaro. Mai furfura har a gira.

Alhamis, da safe

Ba ka taka ba.

Asabar, da yamma

Majalisar bakin shagonka kaf ta dawo falona. Tela, Mai aski, Direba, kowa ya zo dubiya tun makon farko, kuma har yau dubiyar ba ta ƙare ba. Su cika mini kujeru, su shanye shayi, su bar kofuna a ƙarƙashin tebur. Kowa zai tashi sai ya dafa ka ya ce, "Mai Basilla, kada ka wahalar da kanka, a hankali dai." A hankali za su binne ka a kujerar nan, da addu'a da fatan alheri.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wannan. Ina wanke-wanke na jiyo ka kana ba su babin jiya. Da farko "ya" kake cewa: ya hau dutse, ya kwana a tashar jirgi. Kafin in ɗauraye tukunya ta koma "muka."

"Da muka shiga hamadar nan, ruwanmu ya ƙare tun kwana na biyu."

Mai aski ya ce, "Kai! To ya kuka yi?"

Na leƙo na ce, "Matarsa ce ta tura su a keke."

Direba ya ƙware da shayi. Kai ba ka yi dariya ba. Yaya ta ce wa bango, ba ni ba, wai karatu da yawa yana busar da zuciyar mace.

Ita ta goya ka, na sani. Ranar da muka dawo ta iso da jakarta da bargonta, ba ta tambayi kowa ba. Tana ba ka abinci a baki alhali hannun damanka lafiyarsa lau. Jiya na same ta tana riƙe maka kofi. Gobe ƙila numfashin ma ta karɓe maka.

Lahadi, da hantsi

Auta ta kira daga can inda take aiki. "Mama, ki riƙa lallaɓa Baba." Na ce ta zo ta lallaɓa, ga gado nan. Ta yi shiru, ni ma na yi shiru, muka ƙona katinta a haka.

Ba ka taka ba.

Talata, bayan la'asar

Na sauya dabara. Tunda kunnenka ne ke tafiya, bari ya ja sauran jikin. Na ɗauki kujerata na kai ƙarshen baranda, na buɗe littafin, na karanta da muryar da ba ta wuce gwiwata.

"Malama, ba na ji!"

"Ga sanda nan kusa da kai."

"Ki ɗaga murya mana!"

"Maƙogwarona ne. Likita ta ce kada in wahalar da kaina."

Na ji kujerarka ta yi ƙara. Na kafe idona a kan layi ɗaya. Sai ga kukan taya, ƙii, ƙii, Yaya ta turo ka har gabana, ta gyara maka bargo, ta ce, "To ga shi nan, sai ki ci gaba."

Na ɗora littafin a kan kabad ɗin ɗakin baya, can sama. Babu karatu sai an biya na baya.

Laraba, da safe

Ba ka taka ba. Ban karanta ba. Ba ka yi mini magana ba, gidan ya huta.

Juma'a, da yamma

Na fita sayo maganinka. Mota ta tsaya a gabana, na kalle ta, na ce ta tafi. Na wuce kantin magani ban shiga ba. Na wuce gidan mai, na wuce masu walda, na hau gada. Na bi titin har inda kwalta ta ƙare, gidaje suka fara ja da baya da juna. Tun ina budurwa rabona da irin wannan tafiyar. Ba wanda ya ce in miƙo, ba wanda ya ce in ɗaga.

A wani babi mutumin ya ce abin da ya fi ba shi wuya a duk tafiyar shi ne sauka daga matakalar gidansa. Da na karanta na ce iyayi ne irin na marubuta. Yau na tsaya a ƙarshen kwalta na ga hanya ta miƙe ba kowa, na gane cewa ni kam sauka ba za ta ba ni wuya ba. Juyowa ce ta ba ni.

A hanyar dawowa maɗaurin takalmina ya tsinke. Matar mai ɗinkin takalma, da takalmi a hannu, a gaban shagonka! Na leƙa ta ramin ƙofa. Takalman mutane suna nan a jere yadda ka bar su ranar nan, kowanne da alli a tafinsa. Basillarka tana soke a jikin benci.

Ban tsaya ba. Na manta maganin, sai da na koma.

Asabar, da safe

Wani ya taɓa littafin. A kife na ajiye shi, na same shi a rufe, tsinken da nake sa alama ya faɗo ƙasa. Na tambayi Yaya. Ta ce, "Ni da littafi? Addu'a ma da ka nake yin ta."

Kuma gidan warin gam yake yi. Kuma ga wasu dogayen zane a simintin baranda. Keken nan zai cinye mini daɓe kafin ya cinye ka.

Litinin, bayan la'asar

Ni na karya dokar littafin. Na sauko da shi, don ni ma ina so in san abin da ya faru, kuma ban iya karanta shi ni kaɗai a ɓoye ba, ban san dalili ba, kada ka tambaye ni.

A babin yau mutumin ya faɗi a kan duwatsu, idon sawunsa ya karye. Ya yi jinya a gidan wasu makiyaya, ƙashin ya haɗe a karkace. Ya shiga gari na gaba yana jan ƙafa, masu zaman bakin kasuwa suka bi shi da dariya, wani har ya tashi yana kwaikwayonsa. Layi ɗaya ya ba abin. Ya ce sun yi dariya, shi kuma ya sayi burodi ya wuce.

Ka ce, "Rufe."

Na ce saura shafi biyu.

"Na ce ki rufe!"

Tun abin nan ban ji muryarka ta fita haka ba. Yaya ta shigo a guje, ta dube ni kamar na mare ka.

Laraba, da hantsi

Share-titi ya zo.

Mai gyaran agogon nan na ƙarshen layinku, wanda ke jan ƙafar dama tun yana yaro. Kai ka raɗa masa sunan. Kai ka raɗa wa kowa: Agwagwa, Taka-ƙwai, Birki-ya-tsinke. Daga kan bencinka kake hango mutum tun daga nesa, ka faɗi yadda tafin takalminsa ya cinye kafin ya iso, majalisa ta kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, a teburin cin abinci, shekara da shekaru. Kai ka koya mini karanta tafin takalmi kamar shafi.

Da ka ji muryarsa a ƙofa sai ka ja bargo ka rufe ido. Yaya ta ce masa barci kake.

Na raka shi bakin ƙofar gida. Ya tsaya yana gyara hula, ya ce, "Malama, barcin nan na san irinsa. In ya farka ki ce Share-titi na gaishe shi."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Ashe ka san sunan."

"Haba! Har jikokina da shi suke kirana. Ki ce masa titin ya yi mini faɗi ni kaɗai, ina neman mataimaki. Ni in share dama, shi ya share hagu."

Ya tafi yana dariya. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba.

Ban isar da saƙon ba tukuna.

Alhamis, bayan azahar



Shara na shiga yi ƙarƙashin gado, tsintsiya ta jawo takalmanka, baƙaƙen nan da ka ɗinka wa kanka. Babu ƙura a kansu. Na juya su. Na dama lafiya lau. Na hagu bakinsa ya goge fari tas ta gefen ciki, irin gogewar ƙafar da ake ja. An manna masa ɗan guntun roba a wurin, a karkace, gam ya zubo ta ko'ina. Aikin hannu ɗaya.

Na zauna a ƙasa da takalmin a cinyata. Zanen baranda. Warin gam. Littafin da ke kan kabad.

Na kawo shi falo na ajiye a kan bargonka.

"Wa ya yi wannan aikin? Ko wane ne ya cuce ka."

Ka kalli taga.

"Tun yaushe?"

"Duk in kin fita, tun kafin tafiyar nan taki."

"Har ɗakin baya?"

"Hoto nake nema. Na ce ko sun sa hoton takalminsa."

Na ce, "Ina nan ina jiƙa matashi da hawa..." Ban ƙarasa ba, ba zan ba ka wannan ba. Na ce, "Likita na cewa lokaci na ƙurewa, kai kana yawo a gidana kamar ɓarawo?"

Ka ce, "Ba ki ga yadda ƙafar take ba ne. Jan ta nake yi kamar mushe. Kafaɗa ta yi nan, ƙugu ya yi can." Ka juya takalmin a hannunka. "Bencin nan cike yake da mutanen da ni na koya wa dariya, Malama. Na san sunan da za su sa mini. Da ni ne, na san wanda zan sa."

Na juya wurin Yaya in ce ta ji abin da ƙaninta ke yi a bayan idonta. Tana tsaye a ƙofar kicin, ko gezau.

Ta ce, "Ni nake tsaron taga."

"Yaya!"

"Yana ɗan shekara biyar yara suka yi masa dariyar kunne, na fasa wa ɗaya baki. Ban taɓa bari an yi masa dariya ba, ba kuma yanzu zan fara ba."

Su biyu. A gidana. Ni ce baƙuwa, ni ce mai busasshiyar zuciya, ni ce ake jira in fita.

Na fita. Na kai gada na dawo, ban ga komai a hanya ba.

Juma'a, da safe

Na nuna wa Likita takalmin. Ta yi murna na ɗan lokaci, sannan ta ɓata rai. Ta ce taku kaɗan a ɓoye, a gaggauce, da hannu a bango, koya wa ƙafar mugun hali ne, kuma wata rana za ka faɗi daga kai sai tsohuwa. Ta ce hanya ƙafar take so, doguwa, kullum, da sanda, da rana tsaka. Ka ce mata za ka duba.

Za ka duba. Mutumin da ya tsallake hamada.

Lahadi, da yamma

Majalisa ta zo. Ka hau keke, Yaya ta lulluɓe maka ƙafafu. Tela ya ce, "Yau ina muka kwana?" Ka ce ba a yi karatu ba.

Na kawo shayi na tsaya a kansu na ce, "Tela, wane suna yake kiranka in ba ka nan?"

Ya ce, "Taka-ƙwai mana. Wa bai sani ba?"

"Ka mutu?"

"Ga ni ina shan shayinki."

Mai aski ya ce shi Agwagwa ne, matarsa ma ta karɓa. Suka yi ta dariya suna tona na juna. Kai kaɗai ka sunkuyar da kai kana murza bargo.

Bayan sun tafi na ba ka saƙon Share-titi, kalma da kalma. Gefen bakinka mai lafiya ya motsa. Ka ce, "Ɗan banza." Ka ƙara cewa, "Maganar ta yi kyau, ai ni ya kamata in faɗe ta."

Ba ka taka ba. A gabana dai.

Talata, da safe

Saura babi ɗaya. Mutumin yana hango teku daga kan tudu, ƙafar ta kumbura, takalmin ya buɗe baki. Ni da ban taɓa kwana da littafi saura babi ɗaya ba tun ina aji uku, na sa zare na ɗaure shafukan. Ban leƙa ba. Allah ya sani ban leƙa ba.

Laraba, bayan la'asar

Na faɗa maka a gaban Yaya, ina kuma rubutawa a nan yadda na rubuta naka alkawarin.

Ranar Juma'a keken nan zai koma asibiti. Na gama magana da Direba, ya ce ko Yaya ta kwanta a gaban motarsa sai ya kai. Yaya ta ce in keke ya fita ita ma ta fita. Na ce Yaya, ɗakinki na nan, bargonki na nan, amma tagar nan kin gama tsaronta. Ta shiga kicin tana buga tukwane, ba ta haɗa jaka ba.

Ranar Asabar da hantsi zan buɗe shagonka da kaina, in share, in fito da benci. Tela zai zo, Mai aski zai zo, duk wanda ka taɓa sa wa suna na aika masa. Share-titi ya ce zai tsaya a ƙofar gidanmu tun da safe, wai ba a fara sabon aiki ba tare da wanda ya daɗe a kai ba.

Zan zauna da littafin a cinyata har inuwa ta bar bencin. In ka ɓullo daga kwanar nan, ko da kafaɗa a nan ƙugu a can, ko rana ta take, zan tsinke zaren in jira ka zauna. Za su sa maka suna, ka sani, na sani. Ka amsa, ka sayi burodinka.

In inuwa ta tashi ba ka zo ba, zan karanta musu babin da babbar murya, in sa kowa ya rantse ba zai gaya maka ƙarshensa ba. Sannan in kira masu takalman nan ɗaya bayan ɗaya, in mayar wa kowa nasa yadda ya kawo shi, in ce su nemi wani. Ranar Litinin in mayar da littafin ɗakin karatu, in koma bakin aikina, a ƙasa, ta kan gada. Kai kuma ka zauna da Yayarka da bargonka, ku yi ta tsallake hamada.

Ka ce, "Malama, ba ki da tausayi."

Na ce na bar wa masu dubiya.

Na ciro tawul daga kan sandar. Na ajiye takalman a bakin ƙofa, bakinsu na kallon waje. Na dama na goge shi har yana ƙyalli. Na hagu na bar shi yadda ka ja shi.